Abokina na Kucheri

Ni dai ban taɓa yin aboki a Kucheri ba. Na san mutanen garin, suna kawo gero da dawa kasuwar Tsafe muna ciniki, amma babu wanda zan ce ga ƙofar gidansa. Duk da haka an yi wani lokaci da ma'aikatan wani babban shagon magani, tun daga Gusau har Bungudu, suka san ina da aboki a Kucheri mai fama da hawan jini, har suna ba ni saƙon gaisuwa in kai masa.

Sana'ata awon hatsi. Kafin in samu rumfa dako na yi, kuma abin da na fi taƙama da shi a duniya ke nan. Karatun boko ban yi nisa ba, a tsakiyar firamare aka mayar da ni gona, amma buhun gero kam na ɗauke shi a ka ina hira. Na sha faɗa a majalisa cewa ban san ƙofar asibiti ba sai in dubiya ta kai ni.

Matata ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa. Malam take ce mini, ni kuma da yara suka taso suna ce mata Inna sai bakina ya bi nasu. Shekarun baya likita ya ce tana da hawan jini, ya rubuta mata ƙwayar da za ta riƙa sha kullum. Na sayi ta wata ɗaya. Da aka ce a sake sayen ta wata na biyu, kuma wai haka za a yi ta yi har ƙarshen rayuwa, sai na ce wannan ba magani ba ne, haraji ne. Na ce ciwon malalata ne, masu zama wuri ɗaya. Na samo mata sassaƙe wajen wani mai magani da ke kafa lasifika ranar kasuwa, na ce ta jiƙa ta sha. Ta jiƙa ta sha. Wata rana jiri ya ɗebe ta tana tuya, ta faɗi gefen kasko, mai ya zubo mata a hannun dama. Tabon yana nan har yau. Tun daga ranar ba ta sake tambayata kuɗin magani ba, da cinikinta take saye, kuma ba mu taɓa zama mun yi maganar ba. In za ta yi miya sai ta ɗebe tata a wata 'yar ƙaramar tukunya kafin ta sa gishiri da ɗanɗano a tamu. Ni kuma in na ga tukunyar sai in kau da kai.

To ana nan sai shekarar nan ta zo da takardun kuɗi suka yi wuya, aka ce kowa ya kai tsofaffin nasa banki. Ni ba ni da asusu. Na daɗe ina cewa kuɗin da ba ka iya taɓawa ba naka ba ne. Inna kuwa ta daɗe da nata, don masu sarin ƙuli daga Gusau tiransifa suke yi mata, 'yarmu da ke aure a can ta buɗe mata ta kuma koya mata. Babban ɗana ya zo ya kwashe abin da na tara a ƙarƙashin buhunan wake, ya kai banki, ya dawo ya ce an zuba a asusun Inna tun da shi ne ke akwai. Haka duk gumina ya shige cikin wata 'yar waya da ke kwana a ƙullin zanen matata. In zan sayi goro sai na yi sallama.

A daidai wannan lokacin ne kaina ya fara ciwo ta wajen ƙeya. Wata rana ina awo na ga tiyar da ke hannuna, wato kwanon awon, ta zama biyu, na rasa wadda zan zuba wa geron. Ban gaya wa kowa ba. Washegari na ce wa Inna zan je Gusau sayen buhunan wofi, ta ara mini wayar. Ta ba ni, ta maimaita mini lambar sirri, ta ce kada in miƙa wa kowa ya danna mini.

A asibiti likitan ya ɗaura mini wani abu a damtse ya hura. Ya dubi na'urar, ya dube ni, ya sake hurawa.

"Baba, da ƙafarka ka zo?"

"Da ta wa zan zo?"

Ya ce hawan jini ne, kuma ya hau sosai. Ya rubuta takarda, ya ce kullum ɗaya, ko na ji sauƙi ko ban ji ba. Na fito ina jin kamar duk Gusau ta ji abin da ya faɗa.

Mu abin da muka saba da shi kemis ne. Ɗan shago, mai shi yana zaune bayan kanta, ka raɗa masa abin da kake so, ya yanko maka ƙwayoyin da reza ya ƙunshe a takarda. Kuma akwai wani ladabi da kowa ya sani: dattijo ba ya sayen maganin kansa. Ko na basir ne, ko na tsutsar ciki, ko na abin da ba a faɗa, cewa yake yi aiko shi aka yi. Mai kemis ya san ƙarya ce, kai ma ka san ya sani, sai ya ce Allah ya ba mai shi lafiya, ka ce amin, ku rabu da mutunci. Amma a ranar kemis biyu na shiga, duk suka ce sabis ya ɗauke, sai dai tsabar kuɗi. Na uku ya nuna mini wani babban shago mai ƙofar gilashi, ya ce su kam sabis ɗinsu ba ya ɗaukewa.

Na san irin shagon. Kamfani ɗaya ne mai rassa, akwai reshensa a Tsafe ba nisa da gidana, can ma Inna take sayen nata. Ban dai taɓa shiga ba. Da na tura ƙofar sanyin esi ya bugi fuskata. Ga kujeru a jere, ga ruwan sanyi kyauta, ga kwalaye reras kamar a kantin atamfa. Wata mata mai farar riga a kan hijabi ta ce, "Sannu da zuwa, Baba, zauna ka huta." Tun da nake ba a taɓa ce mini in huta don na zo sayen abu ba.

Ta karɓi takardar ta karanta sunan da ke kai.

"Baba, kai ne mai wannan sunan?"

"A'a, aiko ni aka yi. Wani abokina ne."

A kemis da an wuce wurin. Ita kuwa sai ta jawo kwamfuta.

"A ina yake zaune?"

Ban shirya wa wannan ba. Kwana biyu kafin nan wani mutumin Kucheri ya ja ni da ciniki har raina ya ɓaci, garin na nan a bakina, sai na ce, "Kucheri."

Ta rubuta. "Lambar wayarsa fa? Muna tura saƙo ne in magani ya kusa ƙarewa."

"Ba shi da waya. Irin mutanen nan ne da ba su yarda da ita ba."

"To mu sa wannan ta hannunka. In da waya aka biya akwai ragi, kuma ana tara wa lambar maki, in ya taru a cire maka a wani sayen."

Ni ɗan kasuwa ne. Daga kalmar ragi ban ƙara jin sauran bayanin ba. Ta nuna mini inda zan danna, na juya mata baya na sa lambar sirri kamar mai ƙulla laya, wayar ta yi ƙara, ta ce kuɗi sun shigo. Na ce ta nuna mini yadda ake goge saƙon bankin. Ta ɗan dube ni, ta nuna mini. Na goge shi da yatsana, na ji na rufe ƙofa na sa sakata.

"Baba, kai ma mu gwada naka jinin mana. Kyauta ne."

"Lafiyata ƙalau."

Ranar ce ta farko a rayuwata da na ƙi abin kyauta.

A bakin ƙofa akwai wani ɗan allo mai fuskoki uku, ɗaya tana dariya, ɗaya ta yi shiru, ɗaya ja ce, ta ɗaure. Ta ce in danna wadda ta dace da ni. Na duba, na ga mai dariyar ta yi kama da sakarai, mai ɗaurewar ita ce ta fi kama da dattijo, sai na danna ta. Ban kai titi ba wani mai kwat ya biyo ni, wai shi ne manaja, yana ba ni haƙuri yana tambayar abin da aka yi mini. Na ce ba a yi mini komai ba sai alheri. Ya ce to me ya sa na danna ja? Na ce da ita na yi kama. Ya tsaya yana kallona, sannan ya raka ni har inda ake hawa mashin.

Ƙwayar na ɓoye ta a rumfa, cikin wata tsohuwar rediyo, a gurbin batir. Kullum in na buɗe rumfa sai in yi kamar ina neman tasha, in haɗiye ɗaya.

Bayan 'yan kwanaki muna zaune a tsakar gida, Inna tana ɓarar gyaɗa, sai ta ce, "Malam, wani saƙo ya shigo daga shagon magani na Gusau. Wai suna godiya, suna tambayar ya mai jiki."

Na ce, "Af, na manta ban gaya miki ba. Wani abokina ne na Kucheri ya aike ni. Zai biya."

"Allah ya ba shi lafiya. Mi ke damunsa?"

"Hawan jini."

"Ashe. Malalaci ne ke nan."

"A'a, wanga mutum ƙarfi gare shi. Dako ya yi da ƙuruciya."

"To, ashe har masu ƙarfi yana kamawa," in ji ta, ta ci gaba da ɓararta.

Washegari miya ta zo lami. Na ce ko gishiri ya yi tsada ne? Ta ce tun da ta ji labarin abokina hannunta ya tsorata. 'Yar ƙaramar tukunyar nan kuwa ban sake ganin ta a murhu ba, an koma tukunya ɗaya. Na so in yi faɗa, na ga ba ni da wurin tsayawa, na ci abina.

Da wata ya zagayo na sake aron waya. Ban so in koma wa matar nan mai son gwada jinin mutane ba, reshen Tsafe kuwa ko kusa, rabin masu shiga abokan cinikina ne. Sai na wuce Gusau na zarce Bungudu, inda na san ba wanda ya san ni. Na shiga na miƙa kwalin da ya ƙare. Wani magidanci mai tabarau ya tambayi lambar waya, ya danna, ya ɗago da fara'a.

"Baba, ya jikin abokin namu na Kucheri?"

Na waiga in ga ko wani ya biyo ni daga Gusau. Ya ce ai duk rassansu kwamfuta ɗaya ce, abin da aka rubuta a can yana nan. Na yi ta lissafin kuɗin motar da na ɓatar.

Amma da yake mutumin mai daɗin hira ne, sai na saki jiki. Ya tambaya ko abokin yana rage gishiri. Na ce matarsa ta tsaya masa a kai. Ya ce tsire fa? Na ce nan kam sai addu'a, in ya shiga kasuwa ba mai iya riƙe shi. Ya ce in gaya masa ya zo a gwada shi, ba a shan wannan magani da ka. Na ce ai taurin kai gare shi, mutum ne mai ganin ya fi kowa sani, matarsa ta sha wahalarsa ba kaɗan ba. Na ji daɗin faɗar wannan fiye da yadda na zata. Ashe zagin mutum yana da sauƙi in ka ajiye shi a Kucheri.

Haka muka yi ta yi. Takardun kuɗi suka dawo hannun mutane, amma ban daina aron waya ba, don ragin nan ya shiga raina, masu sayen hatsi ma da yawa sun riga sun saba da tiransifa. Wani watan Gusau, wani watan Bungudu. Abokina ya yi ta girma. Ya samu gona a fadama, ya samu ɗa mai koyarwa, ya samu ciwon gwiwa. Inna kuma ba ta fasa tambayarsa ba. In na dawo sai ta ce, "Ka biya ta wajen mutumin?" In ce na aika masa. Ta ce, "Yana dai sha kullum?" In ce yana sha. Ta ce madalla.

Da kaka ta yi, kasuwa ta cika, jikina ya yi daɗi. Kai ya daina ciwo, tiya ta koma ɗaya. Wata rana 'yan dako suna gardamar wani buhun masara, na ture su na ɗaga shi na aza a mota, aka yi ta tafi. A ranar na yanke wa kaina hukuncin cewa na warke. Ƙwayar da ta rage na shanye, ban sake zuwa ko'ina ba.

"Malam, shagon nan sun turo, wai maganin abokinka ya ƙare."

"Ya warke."

Ta ajiye muciyar da ke hannunta. "Wanga ciwo? Ya warke?"

"Sarai. Jiya ma an ce buhu ya ɗaga."

Ta ɗauki muciyarta ta ci gaba da tuƙi. Bayan kwana kaɗan wani saƙon ya sake shigowa, daga baya har kira suka yi, ina jin ta daga ɗaki tana ce musu za ta isar. Ni kuma ƙeya ta fara yi mini nauyi kamar da. Wata safiya na sunkuya ina alwala, da na miƙe sai tsakar gidan ta juya, na dafa bango na tsaya har ta daidaita. Da na ɗago na ga Inna a ƙofar madafa tana kallona. Ta koma ciki.

Washegari na fito zan tafi kasuwa na tarar da ita a shirye, ta sa mayafin zuwa biki. Ga kwanon fura a ɗaure da ƙyalle, ga kwalbar man gyaɗa, ga ƙuli a leda.

"Ina zuwa haka?"

"Kucheri za mu. Dubiya."

"Na ce miki ya warke."

"To barka za mu yi masa. Mutum ya yi watanni yana jinya, maganinsa ta wayata yake bi, ban taɓa zuwa na ce sannu ba. Matarsa mi za ta ɗauke ni?"

"Hanyar nan kin san yadda take."

"Safiya ce, motoci na bi. Kafin azahar mun dawo."

"Yau akwai ciniki."

"Na riga na gaya wa maƙwabta za mu dubiya. Sai dai ka fita ka ce musu kai ka hana."

A wurinmu ana iya hana mace zuwa biki a zauna lafiya, amma wanda ya hana dubiya sai an yi shekara ana ba da labarinsa. Na shiga gaba, ta biyo ni da kwano.

A cikin mota na yi ta neman mafita. Na ce ko in ce ya yi tafiya, na tuna za ta ce mu gaida iyalinsa. Na yi tunanin in kashe shi kawai, in ce yanzu labari ya iso ni, sai na ga ta'aziyya ta fi dubiya taro, kuma sai an nuna mata gidan makoki. Har na fara duban tsofaffin da ke cikin motar ko akwai wanda zan roƙa ya ara mini kansa na rabin yini. Ita kuwa tana rungume da kwanonta tana kallon gonaki, tana cewa dawa ta yi kyau bana.

Muna sauka wani mutum ya gane ni. Shi ne kuwa mai jan cinikin nan da ya jawo mini duk wannan.

"A'a, mai awo, yau kai ne a garinmu? Gidan wa za ku?"

Kafin in buɗe baki Inna ta ce, "Gidan abokinsa, mai hawan jini."

"Hajiya, masu hawan jini ai sun yi yawa garin nan. Wanne daga ciki? Na bayan masallaci ko mai injin niƙa?"

Na ce na san hanya, kada ya wahalar da kansa. Na kama wani lungu da ƙarfin hali. Lungun ya kai mu wani lungun. Na yi dama, na yi hagu, muka wuce rijiya, muka sake wuce rijiyar. Inna tana bayana, ina jin ƙarar takalminta. Rana ta fara zafi, kaina yana bugawa kamar ana daka a ciki. Can sai gidaje suka ƙare, muka fito bakin gonaki, ga wata tsamiya. Na zauna a kan saiwarta ina haki.

Inna ta sauke kwanon a gabana. Ta ajiye kwalbar mai da ledar ƙuli a gefe, ta gyara mayafi, ta durƙusa kamar yadda mata ke yi in sun shiga ɗakin majinyaci.

"Sannu. Ya jiki?"

Na dubi kwanon da ke gabana. Sannan na ce, "Da sauƙi."

"Ina ta son zuwa, Allah bai nufa ba sai yau. Allah ya sa kaffara ne."

"Amin."

Ta kwance ƙyallen ta fara dama furar. Ba sukari, na sani tun kafin in ɗanɗana.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun ran farko, ka miƙo mini waya ka shiga wanka. Wanda ka goge na banki ne. Na shagon daban yake zuwa, da sunan magani da sunan mai shan sa. Maganin irin nawa ne. Kuma abokin naka sunanku ɗaya, har sunan uba."

"Mi ya hana ki faɗa?"

"Da na faɗa da ka daina sha ranar, don ka nuna mini kai ba malalaci ba ne. Abokinka ya fi ka jin magana. Muddin yana sha, ina ruwana da garin da yake zaune? Makin da yake tara mini ma na sayi nawa maganin da shi, ka gode masa." Ta miƙo mini ludayi. "Amma tun da ya fara koyi da kai, dole in zo in gan shi."

Da ta miƙo hannu, mayafin ya zame, tabon ya fito, daga wuyan hannu har kusa da gwiwar hannu. Shekara da shekaru ina kau da kai daga gare shi. A ƙarƙashin tsamiyar nan ba inda zan kau da kai sai karan dawa.

"Inna, waccan shekarar."

"Sha furarka."

"Ki yafe mini."

Ta kakkaɓe ƙyallen. "Na yafe. Amma ka san ni 'yar kasuwa ce, ba na bayarwa haka nan. In mun koma, reshen Tsafe za mu, ka zauna a kujerar nan ta gaba, ka naɗe hannun riga."

"Na Gusau fa? Sun fi kayan aiki."

"Na Tsafe."

Man gyaɗa da ƙulin kuwa, a hanyar komawa tasha ta tambayi gidan mai injin niƙan nan da aka ce yana fama, ta shiga ta duba shi, ta bar musu. Ta ce ba a komawa gida da kayan dubiya.

Mun isa reshen Tsafe ana kiran azahar, shagon cike da mutane. Matar da ke kan kanta ta san Inna, suka gaisa. Inna ta faɗi lambarta, matar ta duba kwamfuta, ta dube ni.

"Baba, kai ne mai karɓar wa abokin nan na Kucheri? Mun yi ta kira. Ya jikin nasa?"

"Ga shi nan, can muka ɗauko shi," in ji Inna.

Matar ta dube ni, ta dubi Inna, ta danne dariyarta da gefen hijabi, ta ce, "Sannu da hanya, Baba. Bismillah." Na zauna na naɗe hannun riga a gaban kowa. Da na'urar ta gama sai dariyar ta bar fuskarta. Ta ce in huta a sake gwadawa, aka sake, ta ce yau ɗin nan zan koma wajen likita, ba gobe ba, kuma kada in ƙara ɗaga ko kwano. Inna ta ce za a je, ta riga ta kira ɗanmu.

Ina zaune ina jira sai na lura da wanda ke kujerar kusa da ni. Wani dillalin shanu ne, sa'ana, wanda muka sha zama majalisa ɗaya muna yi wa masu zuwa asibiti dariya. Yana riƙe da wani kwali irin nawa sak, ya rufe rabinsa da hannun riga. Muka haɗa ido.

"Aiko ni aka yi," in ji shi. "Wani ɗan'uwana ne a 'Yandoto."

Na ce, "Allah ya ba shi lafiya. Yana da waya?"

"Ba shi da ita. Ta maiɗakina na bayar."

Na tashi daga kujerar gwajin na ce ya matso ya ɗan zauna, ta fi taushi.

Likita ya ƙara mini wata ƙwayar a kan ta da, ya yi mini faɗa son ransa, Inna tana gefe tana gyaɗa kai. Yanzu ina da wayata, ina da asusuna, har na iya tura kuɗin mota ba tare da na juya wa kowa baya ba. Da na je a canza lamba a shagon sai na fasa, na ce su bar ta Inna, saƙon tuni ya ci gaba da zuwa can. Matar ta ce to garin fa, a gyara a sa Tsafe? Na ce ta bar shi yadda yake. Maganina ya bar cikin rediyo, yana kan taga kusa da na Inna, da safe ita ke miƙo mini da ruwa, wani lokaci ta ce a gaida mutanen Kucheri. Allon fuskokin nan kuwa har yau in muka je tare ita take dannawa, ta ce ba ta yarda da zaɓina ba.